Asalin Kalmar Tiyata da 'Yan'uwanta

Ruwais sunan wata unguwa ce a Jidda, kusa da bakin Bahar Maliya, arewa da tsohon gari. Tun Jidda tana cikin ganuwarta, Ruwais ƙauye ne na masunta a bayan gari. Sunan Larabci ne, daga ra'as, watau kai. Ruwais kuwa ɗan ƙaramin kai ke nan, irin tsinin ƙasan nan da kan kutsa cikin teku. Da aka rushe ganuwa a 1947 sai gari ya bazu ya haɗiye ƙauyen, ya zama unguwa kamar sauran unguwanni.

Cikin mutanen da suka zauna a Ruwais da ire-irenta na bayan ganuwa akwai Hausawa. Ba jiya suka zo ba. Kakanninsu sun taso daga Kano da Katsina da Damagaram da sauran garuruwa da niyyar haji, suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suna tafe suna ƙwadago, har su kai Suwakin su shiga jirgin ruwa su ƙetare. Wani ya kan yi shekaru a hanya, wani ma ɗan da ya haifa a hanyar shi ne ke isa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da yawa suka yi hijira gabas. Waɗansu suka tsaya a Sudan, waɗansu suka zarce Hijaz. Larabawa suna kiransu Takarna, Hausawan gida kuma suna ce musu Takari. Jikokinsu da yawa sun zama 'yan ƙasa, ana gane su da sunan Hausawi. Daga baya jirgin sama ya yi ta kawo sababbi, har ya zama a tsakar gida guda a kan iya jin Hausa iri uku.

A ce a irin wannan gida mutum uku suna zaune a tabarma bayan isha'i: Bakano, da Badamagare, da wani haifaffen Jidda wanda Larabci ya fi kama bakinsa. Bakano ya ce gobe za a yi wa ƙanensa tiyata. Badamagare, in bai taɓa zama a Nijeriya ba, sai ya yi tsammani shagali a ke shiryawa, don a garinsu teyatur wasa ne da samari da 'yammata ke yi a gaban jama'a, a sha dariya. Haifaffen Jidda kuwa abin da zai faɗo masa a rai shi ne tiyatro, kalmar da ya kan ji a tsofaffin finafinan Masar, ko da ya ke shi masrah ya ke ce wa wurin. Bakano yana maganar wuƙa da jini, su suna tunanin kiɗa da tafi. Abin mamaki kuwa, ba wanda ya yi kuskure cikinsu. Tiyata da teyatur da tiyatro kalma ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya, hanya ce kawai ta raba su. Ɗalibin Hausa wanda ya san kalmar theatre ta Ingilishi ya kamata ya san labarin, don kada wata rana ya gayyaci malaminsa zuwa tiyata ran Asabar da dare.

Asalin kalmar daga Yunanawa ne. A harshensu akwai wani fi'ili, theasthai, watau kallo, irin kallon da mutum kan tsaya ya zuba ido. Daga nan suka ƙera theatron, wurin kallo. Yadda suka ƙera ta bai bambanta da yadda Bahaushe ke yi ba: daga karatu ya sami makaranta, daga ƙira maƙera, daga jima majema, daga rini marina. Abin lura a nan shi ne, da fari theatron ba ya nufin wasan, ba ya nufin masu yinsa, ba ya ma nufin filin da su ke yi a ciki. Wurin zaman 'yan kallo kaɗai ya ke nufi. A Atina, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, gangaren dutsen da ke tsakiyar gari ne jama'a ke zama a kai, sahu bisa sahu, lokacin bikin gunkinsu Diyonisus. Filin da ke ƙasa, inda 'yan amshi ke rawa, sunansa orchestra. Bukkar da ke bayan filin, inda 'yan wasa ke sake tufafi, skene. Wasan kansa kuwa drama a ke ce masa, daga fi'ilin da ke nufin aikatawa, kalmar da ita ma ta iso Hausa ta zama dirama. Da tafiya ta yi tafiya suka riƙa jera matakalai na dutse a jikin tsauni, kamar na Efidaurus wanda ke ɗaukar mutum wajen 14,000, yana nan kuwa har yanzu. Sannu a hankali sunan wurin 'yan kallo ya mamaye ginin duka, sa'an nan ya mamaye sana'ar.

Ɗan wasa kuwa suna kiransa hypokrites, watau mai amsawa. Maza ne kaɗai ke yi, fuskarsu a rufe da fuskar aro, mutum ɗaya ya fito sarki yanzu, an jima ya fito tsohuwa. Daga wannan suna ne Turawa suka sami kalmarsu ta munafuki. Ashe zargin da a ke yi wa ɗan wasa, cewa mai fuska biyu ne, ba a Makka ko a Kano aka fara shi ba.

Rumawa suka ari kalmar suka ce theatrum, suka yi ta gina irinsa duk inda mulkinsu ya kai. Akwai a Sabrata da Labda, ba nisa da Tarabulus inda ayarin Kano ke sauke kaya a da. Akwai a Amman. Akwai a Busra ta ƙasar Sham, kan hanyar alhazan Dimashƙa. Amma sa'ad da Larabawa suka gaji waɗannan ƙasashe wasan ya riga ya shuɗe, sai duwatsu. Na Busra ma, sarakunan Ayyubawa ganuwa suka kewaya masa suka mai da shi kagara. Saboda haka da malaman Bagadaza suka zo fassara littattafan Yunanawa, sai suka ci karo da abin da ba su taɓa gani ba. Matta bin Yunus, wanda ya rasu a 940, ya fassara littafin Aristo a kan waƙa da wasa. Aristo yana maganar wasa iri biyu, na baƙin ciki da na ban dariya. Matta ya mai da su madihu da hija'i, watau yabo da zambo. Ibn Rushdi na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya bi shi a kan haka, ya cika sharhinsa da misalai daga waƙoƙin Larabawa. Turawan baya sun yi musu dariya a kan wannan, amma ba rashin ilmi ba ne. Mutum ba ya fassara abin da idonsa bai gani ba sai da abin da ya gani, kuma duk wanda ya san maroƙan Hausa ya san yabo da zambo ba ƙaramin fage ba ne.

A Turai kalmar ta sake farfaɗowa. Ta shiga Faransanci, ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14. A 1576 wani kafinta ɗan wasa, James Burbage, ya gina gidan wasa a bayan garin Landan, bai ma wahal da kansa wajen neman suna ba, sai ya ce The Theatre. Da katakonsa aka gina Globe a 1599, inda aka yi wasannin Shakespeare. Amma malaman zamanin ba su manta da cewa asalin ma'anar kallo ce ba, don haka duk abin da aka shimfiɗa a gaban ido sai su ba shi sunan. Littafin taswirori da Abraham Ortelius ya fitar a Antwerp a 1570 sunansa Theatrum Orbis Terrarum, watau wurin kallon ƙasashen duniya. Sojoji su ma suka ɗauka, suka kira yankin da a ke gwabza yaƙi da ita. Dubban mutanen Arewa da suka yi yaƙin Bama daga 1943 zuwa 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a bakin hafsoshinsu cikin theatre su ke. Wannan ma'ana ba ta biyo su gida ba, don ba a bukatarta: Hausa tana da fagen fama tun tuni. Fage kuwa, in an duba, shi ma filin nan ne da jama'a ke kewayewa su yi kallon dambe ko kokawa. A nan Bahaushe da Bature tunaninsu ya zo ɗaya ba tare da sun yi shawara ba.

Ma'anar da ta iso Kano ta asibiti ce, ga kuma yadda aka yi. A manyan makarantun Italiya malaman likitanci su kan feɗe gawa a gaban ɗalibai don su ga yadda Allah ya tsara cikin mutum. Ɗalibai suna da yawa, gawa ɗaya ce, na baya ba ya gani. A Padua, a 1595, aka buɗe wani ɗaki da aka gina musamman don haka: tebur a ƙasa a tsakiya, matakalai shida na katako suna kewaye da shi, kowane ya fi na gabansa bisa, kamar mazurari. Da ya ke siffarsa irin ta Yunanawa ce, sai aka kira shi da sunansu. Daga gawa aka koma kan mai rai. A Landan har yanzu akwai wani tsohon ɗaki na asibitin St Thomas, na 1822, can ƙarƙashin rufin wata majami'a, inda a ke yi wa mata marasa lafiya fiɗa, ɗalibai suna tsaitsaye sahu-sahu suna kallo. A lokacin babu maganin sa barci. Majiyyaciya idonta biyu, ƙarfafa sun danne ta, gwanin likita kuwa shi ne mai sauri. Sai a 1846, a Boston ta Amurka, aka nuna fiɗa da maganin barci a gaban likitoci, a wani ɗakin kallo irin wannan. Da aka gane kuma, bayan aikin Joseph Lister na 1867, cewa ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da miki, sai aka fara rage 'yan kallo, daga baya aka kawar da matakalai, aka rufe ƙofa. Kallo ya tafi, suna ya zauna.

Da wannan suna likitocin Ingila suka zo Nijeriya ta Arewa. Ma'aikatan asibiti suna jin Bature yana cewa a kai wane theatre, sai suka ce tiyata. Majiyyaci da danginsa ba ruwansu da ginin. Abin da ya dame su shi ne abin da za a yi a ciki. Saboda haka kalmar ta tashi daga wuri ta koma aiki. A kan ce an yi masa tiyata, ko tiyata ta yi kyau, ko wane likitan tiyata ne. In wurin a ke nufi tilas a ƙara ɗaki, a ce ɗakin tiyata, wanda in an bi asali ɗakin ɗaki ke nan. Akwai fiɗa tun da, amma fiɗa tana da ƙarnin mahauta, kuma ba mai so ya ji za a feɗe uwarsa; tiyata ta zo ta rufa asiri. Ga shi kalmar da aka ƙera don wurin da kowa ke gani ta zama sunan aikin da ko matar mutum ba a bari ta leƙa. A asibitocin Jidda ba a san wannan ba ko kaɗan, don Larabawa gurfatul amaliyyat su ke cewa, ɗakin ayyuka, kamar dai yadda Bahaushe kan sassauta ya ce an yi masa aiki.

A ƙasar da Faransa ta mulka kuwa, ta ƙofar makaranta kalmar ta shigo. A shekarun 1930 makarantar William Ponty ta Senegal, inda a ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, ta sa ɗalibanta su riƙa tsara wasanni daga tarihin garuruwansu. Waɗanda suka komo gida suka zo da abin da sunansa. A zamanin Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ana gasar wasanni kowace shekara, jiha da jiha. Damagaram ta yi suna ƙwarai, haka ma 'yan wasa irin su Yazi Dogo. Yawancin teyatur ɗin nan da Hausa a ke yi, ba kuwa a rubuce ba: a zauna a yarda da labari, kowa ya san matsayinsa, maganar sai ta nuna wajen gwaji. To, tsakanin Katsina da Maraɗi ba wata tafiya ba ce, dangi ɗaya ne kasuwa ɗaya, amma kalma guda a nan wuƙa, a can dariya.

Larabawa su ma aro suka fara yi. Shaihu Rifa'a al-Tahtawi, malamin Azhar da aka tura Paris a 1826 ya zama limamin ɗaliban Masar, ya je gidajen wasa ya gani, ya ba da labarinsu a littafin tafiyarsa da aka buga a 1834. Ya faɗi a fili cewa bai san wata kalmar Larabci da ta dace da abin ba, sai ya rubuta ta Faransanci da baƙaƙen Larabci. Wajen 1847 wani ɗan kasuwa na Bairut, Marun al-Naƙƙash, wanda ya ga abin a Italiya, ya shirya wasan wani marowaci a gidansa, shi a ke ɗauka wasa na fari irin na Turai da Larabci. A Masar bakin jama'a ya kama tiyatro ta Italiyanci. Amma masu alƙalami ba su so baƙuwar kalma ba. An daɗe ana rubuta marsah, daga baya masrah ta yi rinjaye. Masrah kuwa tsohuwar kalma ce ta masu kiwo. Fi'ilin saraha na fitar dabbobi kiwo da safe ne, ya ma zo cikin Suratun Nahli da wannan ma'ana. Masrah ke nan makiyaya, inda a kan saki garke ya wala. Da wannan fi'ili Balarabe kan ce mutum ya saki idonsa, watau ya baza kallo, ta haka makiyaya ta dace da wurin kallo. Da ta zauna daram sai ta gaji ma'anonin 'yar'uwarta ta Turai, har da na fagen yaƙi, ta ƙara da wurin da aka aikata laifi, wanda 'yan sanda ke kira masrahul jarima. Ta asibiti ce kaɗai ba ta gada ba.

Aikin ɗan wasa kuma tamsil su ke ce masa, daga tushen da ya ba Hausa kalmar misali. Daga wannan tushe ne kuma timsal ya fito, watau mutum-mutumi, abin da malamai ke ƙyama. A Hijaz maganar suna ba ta zama abin wasa ba. Wajen 1960 Ahmad al-Siba'i, marubuci kuma ɗan jarida na Makka, ya shirya gidan wasa, ya tara samari ana koya musu, aka tsara wasa a kan buɗe Makka. Ya yi hattara ƙwarai wajen raɗin suna: ya kira wurin gidan Ƙuraishi na tamsilin Musulunci. Duk da haka aka hana tun ba a buɗe ba, ya rasu a 1984 labule bai taɓa ɗagawa a gidan ba. Wasa ya fake a makarantu da rediyo, da talabijin wanda aka fara a Jidda da Riyad a 1965.

Bahaushen Nijeriya shi bai yi aro ba, bai kuma tono tsohuwar kalma ya ba ta sabon aiki ba. Kalmomi biyu na gida ya haɗa, ya ce wasan kwaikwayo. Bayunane ya raɗa suna daga wajen mai kallo, Bahaushe daga wajen mai yi. Kwaikwayo a fili ya ke, shi ne abin da yaro ke yi in ya ga tafiyar wani ta ba shi dariya, Aristo ma da shi ya bayyana sana'ar. Wasa shi ne mai faɗi. Ɗalibi ya lura da murya tukuna: wannan wasa daga ƙasa ya ke farawa ya hau, ba kamar wasa wuƙa ba, ko maroƙi ya wasa sarki, wanda ke farawa sama ya sauka. Wasa ya haɗa langa da 'yar tsana, da wasan kura da na maciji, da ba'ar da ke tsakanin jika da kaka ko Bafillace da Babarbare, waɗanda a ke kira abokan wasa. Abin da ya ɗaure su duka shi ne, abin da aka yi da sunan wasa ba a kai shi gaban alƙali. Kishiyar wasa gaske ce. In mutum ya ce da wasa na ke yi, ya janye maganarsa ke nan, ko da kuwa ta riga ta soki inda ya nufa.

Wannan suna ya yi wa sana'ar rana. A gidajen sarauta ana wasan gauta, inda matan cikin gida kan yi shigar sarki da hakimai, su kwaikwayi muryar kowa da halinsa, sarki yana zaune yana kallo; abin da waziri ba zai iya faɗa ba sai kuyanga ta nuna. 'Yan kama su kan naɗa rawani su yi zaman malamai suna jan baƙi, amma karatun duk na tuwo ne da nama. In azumi ya kai goma yara su fita tashe gida gida, wannan da gemun auduga, wancan da ƙaton ciki na tsumma, a tsokani gwauro a tsokani rago. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari kan naɗa nasu sarki da nasu gwamna da sojoji, da bindigogin kara. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke da gini. Dandali ne, ko ƙofar fada, ko bakin zaure, 'yan kallo su ne bango. Shi ya sa da aka tashi gina wurin wasa a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wajen 1976, aka yi shi da ƙasa, ɗakuna masu da'ira suna kewaye da fili kamar gidan Bahaushe. Da aka zo rubutawa kuma, tun daga wasanni shida na R. M. East a shekarun 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949 da Zamanin Nan Namu na Shu'aibu Maƙarfi a 1959, sunan ya bi su da mafakarsa. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna wajen 1940, ya gane amfanin mafakar nan, ya yi ta tsara wasanni yana sukar masu cutar talakawa. Hausawa dai sun ce da wasa a ke faɗa wa wawa gaskiya.

Amma sunan ya yi mata dare kuma. Abin da aka kira wasa da wuya a ɗauke shi sana'ar mutumin kirki. Uba ba ya murna ɗansa ya zama ɗan wasa, balle 'yarsa. 'Yan fim na Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, kullum cikin kare kai su ke, suna cewa su masu faɗakarwa ne. Kamar yadda al-Siba'i ya jingina gidansa da Musulunci, haka su ma su ke neman kalmar da ta fi wasa nauyi su jingina.

Gini mai ƙofa da tikiti sai da silima ya zo aka gan shi a Kano, inda aka buɗe Rex a 1937. Mutane suka ba hotunan da a ke haskawa a fili suna majigi, daga sunan wata fitilar Turawa ta nuna hoto, waɗansu kuma suka ce dodon bango. A farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, malamai suna ta ƙorafi. A 1983 Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe shi ya mai da shi asibiti. Wanda ya san labarin kalmar tiyata ba zai rasa yin murmushi ba. A Jidda kuwa a shekarun 1960 da 1970 a tsakar gidaje a ke nuna fim, da farin bango da kujeru a jere, har aka rufe su duka a farkon shekarun 1980. Ba a sake buɗe silima a ƙasar ba sai a 2018 a Riyad, a Jidda kuma a 2019. A 2020 gwamnati ta kafa hukuma guda don kula da masrah.

Duk tsawon shekarun nan kallo bai yanke ba a unguwannin Jidda irin su Ruwais. Tsohuwar unguwa ta Hijaz ba ta rasa barha, watau filin da ke tsakanin gidaje, dandali ke nan. A nan a ke mizmar ran biki ko salla. Mizmar a Larabci sarewa ce ko algaita, amma a wasan ba a busa kome, ganguna ne da tafi. Maza su yi sahu biyu suna fuskantar juna, ko su kewaye wuta, ana waƙa ana amshi, mutum biyu su shiga tsakiya kowa da sanda yana juya ta, su fita waɗansu su shiga. Bakanon da ya taɓa ganin takai ba zai ji baƙunci ba. Da can manya ba su ganinsa da daraja, don sau da yawa a kan tashi da faɗa tsakanin samarin unguwa da unguwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya, yanzu kuma a kan hau da shi kan masrah, da fitilu, 'yan kallo suna kan kujeru sahu bisa sahu kamar mutanen Atina.

A ƙarshen 2021 da cikin 2022 hukuma ta rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda don sake fasalin gari, irin su Sabil da Karantina da Kandara, har da tsohon ɓangaren Ruwais. Mazauna suka watsu, kowa ya nemi inda zai sa kansa, barha kuma ta tafi tare da gidajen da suka kewaye ta. A watan Disamba na 2021, cikin tsohon garin Jidda, mil kaɗan kudu da Ruwais, aka buɗe bikin finafinai na Bahar Maliya karo na fari.